Manoman Ɗaka da Direbobin Katifa

Masu cewa matasanmu sun guje wa noma ba su leƙa ɗakunan samari ba ne. Ana noma, noma ma na gani na faɗa: tarakta sabuwa fil, gona iya ganinka, ba jiran damina, ba bin layin taki. Sai dai gonar tana cikin kwamfutar cinya, manomin kuwa yana kwance rigingine a katifa, ya ɗora gonar a ruwan ciki. Sunan gem ɗin Farming Simulator, kamfanin Giants Software na ƙasar Suwizalan ke yin sa, kuma a fitowar 2021 har dawa suka sa cikin abin shuka. Dawa fa, irin wadda mahaifin yaron ya gaji da roƙonsa ya je ƙauye ya dubo. Ga shi nan da ƙarfe biyun dare yana girbin hatsin da ba zai taɓa zama tuwo ba.

Abokinsa direban tirela ne. Shi nasa Euro Truck Simulator 2, wanda kamfanin SCS Software na birnin Firag ya fitar tun 2012. Ya ɗauko kaya daga Balin zai kai Faris, yana tsayawa a danja, yana ba da sigina, in ya wuce ƙa'idar gudu a ci shi tara ya biya ba musu, in gem ya ce direba ya gaji ya nemi wuri ya faka ya yi barci. Wannan mai ladabin, ara masa babur ka ga ikon Allah: danja ba ta san da zamansa ba, shi ma bai san da nata ba. Na uku magajin gari ne a Cities: Skylines, gem ɗin 'yan Finlan na 2015, ya shimfiɗa magudanan ruwa, ya tsara motocin kwasar shara unguwa-unguwa, yana gamawa ya jefa ledar ruwa ta taga cikin kwatar ƙofar gidansu da ta shekara a toshe. Na huɗu kuwa ya fi su duka girman kai, domin matuƙin jirgin sama ne. Microsoft Flight Simulator na 2020 yana ɗauke da taswirar duniya baki ɗaya, saboda haka daga filin jirgin Malam Aminu Kano yake tashi, ya nufi Jidda da niyyar jigilar alhazai. Har yau bai taɓa sauke maniyyaci ko ɗaya ba. Kullum a sararin samaniyar Chadi allo ke yin baƙi ƙirin.

Ni ba yaran nake tausayi ba, na'urar nake tausayi. Yawancin kwamfutocin nan 'yan gwanjo ne, sun gama aikin ofis a Turai ko Amurka aka tattaro su, suka biyo ta Ikeja suka iso Farm Centre ko titin Beirut a Kano. Tsohon akawu ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga takarda cikin ɗaki mai sanyi, ya yi ritaya lafiya, aka kawo shi kasuwar Singa aka ce ya yi dakon buhun sukari da tsakar rana. Furosesar irin waɗannan kwamfutoci, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, an ƙera ta ne ta riƙa cin wuta kimanin wat 15, fankarta ɗaya, ba ta fi murfin gwangwanin madara ba. Kwamfutar da aka yi don gem tana da fanka biyu, cazarta kaɗai takan kai wat 200, nauyinta ya isa a jefi ɓarawo. Amma mai sayarwa ya ce "Core i7 ce, Oga, ba abin da ba ta ci," sai yaro ya biya, bai tambayi shekarar da aka haifi i7 ɗin ba.

Su kuma waɗannan gem na kwaikwayon sana'a ba su san sassauci ba. Kowace mota a titi lissafi ce, haka kowane gajimare, kowace inuwar bishiya, kowane ɗan gari da ya fito neman abinci. Furosesa na lissafi, katin hoto na zane, duka a lokaci guda, awa huɗu awa biyar ba hutun rabin lokaci. Da aka fitar da kashi na biyu na Cities: Skylines a 2023, masu manyan injuna ma sai da suka koka, da masu bin diddigi suka duba sai suka tarar har haƙoran mutanen garin ana zanawa, mutanen da ba wanda zai taɓa ce musu su buɗe baki. To duk wutar da ta shiga na'ura tana yin wannan aiki, zafi take komawa. Wani siririn bututun tagulla ke janye zafin ya kai shi bakin ƙofa, fanka ta huro shi waje. Kamfanoni da yawa sun rubuta a takardarsu cewa kada a yi aiki da na'urar a inda zafi ya wuce digiri 35. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, watan Afrilu ba ya jin kunyar wuce 40, balle a ɗakin samari mai rufin kwano da taga ɗaya, an kuma ɗauke wuta. Iyakar furosesar Intel wajen digiri 100 ne, daidai inda ruwa ke tafasa. In ta doshi nan sai ta rage wa kanta gudu, tirela ta fara tafiyar hawainiya, in abin ya ƙi ta kashe kanta don ta tsira da ranta. Mai ita kuwa ya ɗauki wannan a matsayin raini.

Daga nan sai a shiga neman mai laifi, kuma a wannan fanni ba a bar mu a baya ba. Na farko bairos. A sauke manhajar kashe bairos guda uku, kowacce tana sintiri dare da rana, kowacce tana tuhumar 'yar'uwarta, furosesa ta ƙara ɗaukar zafi. Na biyu mai shagon da ya "cuce ni." Na uku masu wuta. Hajiya kuma tana da nata binciken: "Bakin mutane ne, ɗan nan. Na ce ka daina fita da ita majalisa." Duk wannan shari'a ana yin ta ne kwamfuta na nutse cikin katifa, an tokare ta da filo, ƙofofin shan iskarta da ke ƙasa sun toshe ruf. Katifa ce kaɗai ba a taɓa kira ta ba da shaida ba.

Sai magunguna. Mafi sauƙi shi ne ƙane. Za ka tarar da ɗan shekara takwas tsugune da mafici yana fifita bayan na'ura, an yi masa alkawarin za a bar shi ya danna hon.

"Yaya, hannuna ya gaji."

"Yi haƙuri, saura kaɗan mu shiga Faris."

"Jiya ma haka ka ce."

"Jiya ai Balin ce. Fifita."

Masu ƙarin ilimi sukan jera ledojin ruwa masu ƙanƙara su ɗora kwamfuta a kai. Akwai ma wanda zai kwashe miyar Hajiya daga firji ya kwantar da na'urarsa ta huce. Kowa ya san yadda kwalbar lemo mai sanyi ke zufa in an fito da ita. To haka ƙarfen cikin kwamfuta ke yi in ya yi sanyi ya haɗu da iska mai ɗumi, ruwa ya taru a kan allon wayoyi, a kunna ta, ƙauri ya tashi. Zafi dai ya warke, tunda gawa ba ta zazzaɓi. Wani kuma ya ji ana cewa ƙura ce, sai ya nufi wurin mai faci, a kafa wa na'ura bakin tiyo da iskar da ake cika tayar mota. Iskar takan zo da danshi, ƙarfinta kuma ya juya 'yar fankar da gudun da ba a yi ta dominsa ba. Daga ranar fanka ta koma kukan gyare. Gwarzon su duka shi ne wanda ya kalli bidiyo rabi, ya gano akwai wani mai da ake shafawa tsakanin furosesa da tagulla, ya duba ɗaki bai ga mai kama da shi ba sai makilin. Kwana kaɗan makilin ya bushe ya zama gari, kwamfuta ta koma gidan jiya, sai dai yanzu in ta hura iska ɗaki ya ɗauki ƙamshin na'ana'a.

Wanda ya fi kowa kuɗi shi ke sayo faifan fanka mai fitilu, shuɗi da ja suna ta walƙiya, ya ɗauki hoto ya sa a WhatsApp. Faifan yana ɗan taimakawa, ban hana ba. Amma hura iska a ƙofar da ƙura ta toshe aikin baban giwa ne. Mu dai mun fi son maganin da ake gani a yaba, shara kuwa ba ta da hoto.

A ƙarshe dai kowa wurin mai gyara yake komawa, kuma zama a bencin mai gyara ya fi kallon fim. Ya kife na'urar, ya kwance kusoshi ya jera su a murfin kwano, ya ɗaga marfi. Tsakanin fanka da ƙofar fitar iska akwai wasu siraran haƙoran ƙarfe, a nan ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani abu toka-toka mai kauri, tsawon yatsa, a dunƙule: ƙurar hunturu, zaren bargo, gashi, ɓawon gyaɗa, har da fiffiken kyankyaso. Ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Alhaji ƙarami, ga bairos ɗin naka."

"Wallahi kullum sai na goge ta."

"Allon kake gogewa. Yaushe rabon da a buɗe ta?"

"Ai Bature ne ya rufe ta."

"To shi ma wanda ya gada bai buɗe ba."

Ya kankare tsohon man da ya bushe ya tsattsage, ya goge wurin da sifirit, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya danne fanka da yatsa kafin ya hure ta, ya mayar da kusoshi. Aka kunna, ba kuka ba gurnani. Yaro ya kalli mai gyara da idon zargi, domin a wurinsa aikin da ba a canza komai ba bai cancanci kuɗi ba, ya fara ciniki.

Abin da ya rage ba ya cin ko sisi, shi ya sa ba mai yi. A ɗora na'ura a kan teburi ko faranti mai tauri, a tokare bayanta da murafun kwalba biyu iska ta samu hanya. A rufe shafukan intanet ashirin da aka bari a buɗe tun makon jiya. A yi tuƙin da dare ko bayan asuba, kada a yi shi da azahar. A sauke ƙaramar manhaja irin HWMonitor a ga zafin da ido, a daina aunawa da tafin hannu. A saitin wuta na Windows akwai inda ake rage iyakar aikin furosesa daga kashi 100 zuwa 99, wannan ɗigo ɗaya yakan hana ta zaburar da ke haddasa yawancin zafin. Sannan babban gwaji: a shiga saitin gem a rage inuwa, a rage nisan hange, a ƙayyade hotuna 30 a daƙiƙa. Tirela ba tseren doki take ba, 30 ya ishe ta. Amma a nan ake yin ta. Ka ce wa saurayi ya sauko daga Ultra zuwa Low, ka ce masa ya je ɗaurin aure da silifas ke nan. Ya gwammace na'ura ta mutu da mutuncinta. Ba yaran suka ƙirƙiro halin ba, a gida suka gan shi: janareto ba ya ganin sabon baƙin mai sai ya fara tari, mota mai cin mutum biyar a cusa mata tara, in ta tsaya a hanya a ce ƙaddara.

Akwai wurin da raha ke ƙarewa. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi, yana kumbura. In ka ga wurin shafa yatsa ya taso, ko marfin ƙasa ya fara buɗe baki, kada ka danne shi da littafi ka ci gaba da noma, domin batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta, katifar soso kuwa ba ta buƙatar roƙo. Cinya ma tana da hakki. Likitocin fata sun san wani tabo mai zane-zane da ke fitowa a cinyar masu ɗora kwamfuta mai zafi kullum, irin wanda ake gani a ƙaurin masu yawan jin ɗumin wuta.

Samari, ban ce ku bar sana'arku ba, ko banza ta hana ku yawon dare. Amma ku sauke na'urar nan daga katifa, ku sallami ƙanenku da maficinsa, ku bar wa Hajiya firjinta. Kuɗin shara da sabon mai bai kai na datar da aka sauke gem mai gigabayit 150 da ita ba. Hunturu na gama zuba ƙurarsa ku kai ta a buɗe a share, kafin watan Maris ya kama.