Bakano Ya Toshe Kunne a Tudun Wada

Bawan gidanmu, Bakano, ina gaisuwa, ko da yake na san ba ji za ka yi ba. Shi ya sa na rubuto maka a takarda, tunda har yanzu Allah bai nuna maka abin toshe ido ba.

Zance ya karaɗe unguwa cewa tun da ka sauka Tudun Wada don karatun shari'ar nan da ka zo yi a Kongo, ba ka kwanciya sai ka cusa soso a kunne. Wasu 'yan guntaye ne ruwan lemo, tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba, kowane biyu a ledarsu. Wai Zariya ta cika ƙara, wai ba a barinka ka runtsa. Da Bafillacen ruga ne ya kawo wannan kuka, wanda da dare ba ya jin komai sai tuƙar shanu, da na ba shi haƙuri na raka shi tasha. Amma kai? Mutumin da aka yanke wa cibiya tsakanin Kantin Kwari da Singa, ya yi rarrafe da sautin masu bugu na Ƙofar Mata, ya yi wayo ana sauke rodi a Ƙofar Ruwa, jirgin alhazai na tashi ta saman ɗakinsa? Garinku fa shi ne inda ɗan A Daidaita Sahu ke danna hon ba don an tare masa hanya ba, sai don ya tabbatar wa kansa yana raye.

Ni ba zan yi musu ba, Tudun Wada ba wurin i'itikafi ba ce. Tun kafin asuba lasifikokin masallatai ke karɓa-karɓa, na layinku na sauke kira na bayan kasuwa na ɗauka. Ana sallamewa almajirai su ɗora da karatu, kafin su kai ƙarshen allo mai markaɗe ya ja igiyar injinsa, don masu ƙosai ba sa jiran kowa. Hantsi na dubawa 'yan acaɓa da masu Keke sun cika titi daga Agoro zuwa Ƙofar Doka. Ga mai maganin basir ya ɗaure lasifika a kan mota yana bayanin abin da ba ya faɗuwa gaban surukai, ga ƙananan jiragen koyo na makarantar tuƙin jirgi da ke Palladan, wadda ke nan tun 1964, suna shawagi a sama. Da dare in an ɗauke wuta janareto ya karɓi aiki, in an kawo ta yara su kwashe da ihu. Ranar da Madrid ke wasa kuwa ba sai ka biya kuɗin gidan kallo ba, daga kan katifarka za ka san an ci.

Sai dai da idonka biyu ka zaɓi masauki. Bayan Turawa sun shigo Zazzau a 1902, sun bar birni ga masu shi, suka yanka Sabon Gari don ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwar Kudu, Tudun Wada kuma a bayan ganuwa don baƙi 'yan Arewa: masinja da akawu da ɗan tireda da duk mai neman na tuwo. Nan asibitin koyarwa ya yi shekaru kafin a mayar da shi Shika a 2005, nan kusa aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, ga Kongo, ga kwalejin horon malamai. Unguwa ce da aka yi ta don a shigo a nema, nema kuwa ba a yin sa da raɗa. Da barci ne a gabanka da ka shige cikin birni ka nemi soron ƙasa mai kaurin bango, inda sai an wuce zaure biyu kafin a kai tsakar gida. Amma ka zauna ka lissafa kuɗin acaɓa zuwa da dawowa, ka ga gara inda za ka taka da ƙafa zuwa aji. Kuma in za a bi salsala, je ka tambayi mai janareton da ke hana ka sakat inda ya sayo shi. Tambayi mai lasifika, tambayi ɗan di-je. Ku kuka sayar mana da ƙarar, kuka karɓi kuɗinku lakadan ba ragi, yanzu ka biyo bayan kayanku kana toshe kunne.

Abin da ya fi ba ni dariya, ko sa abin ba ka iya ba. Ran nan da na leƙo na tarar da kai miƙe a tabarma, soso biyu sun yi cirko-cirko a bakin kunnuwanka kamar ƙahon ɗan akuya da ya fara tsirowa. Dannawa kawai ka yi, ka rufe ido kana jiran shiru.

To saurara, in akwai sauran ƙofar da magana za ta shiga. Wannan soson ba irin na katifa ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Ross Gardner ya fito da shi a 1972, kuma duk hikimarsa tana cikin nawarsa: in ka matse shi ba ya dawowa nan take, a hankali yake kumbura. Sai ka wanke hannu, ka murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri ba tare da ya ninke ba. Ka zagayo da ɗaya hannun ta saman kai, ka ja kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, ka zura, ka dafe da yatsa wajen rabin minti har ya kumbura ya cika wurin. In ya zauna daidai, wanda ke tsaye gabanka da ƙyar zai hango shi. Lambar nan da ke jikin leda, 32 ko 33, yawan desibel ɗin da yake ragewa ne a ɗakin gwaji, inda ƙwararru ke sa shi. In ya faɗo hannun gama-garin mutane, masu lura da lafiyar ma'aikata a Amurka rabi kawai suke lissafa masa. Naka kuwa ko rubu'i ban ba shi ba.

Ko ka iya ma, kada ka sa ran gari zai yi tsit. Ƙara ba ta ramin kunne kaɗai take shiga ba, tana bi ta ƙashin kai, kuma soso ya fi iya tare siririyar ƙara mai tsini bisa ga gurnani mai kauri. Zai rage maka kukan jariri da hon ɗin babur, amma dirin janareton maƙwabci da kiɗan biki da ke girgiza ƙyauren taga, waɗannan sai haƙuri. Sannan duk motsin da ke cikin kanka ƙaruwa yake yi: numfashi, haɗiyar yawu, tauna. An ce har da soson a kunne kake cin gurasar da ka yo guzuri. Na tausaya maka, don mu da muke jin taunar daga waje ma da ƙyar muke jurewa.

Sai kuma babbar magana. Abin nan an yi shi ne a sa a yar. Ina jin haka na san an zo inda Bakano ba zai bi umarni ba. An gan ka kana wanke shi da sabulu kana shanyawa a kan taga, kusa da safa, wanda ya fito ruwan lemo yanzu ya koma ruwan ƙasa. Soso yana shan gumi da maiƙo da dauɗar kunne, in ya sha wanki kuma ya daina kumbura yadda aka yi shi. Ka ga toshewar ta tafi, saura aikin dako: ya kwashi ƙwayoyin cuta ya kai su wuri mai ɗumi da laima, ya riƙa tura dauɗa ciki tana taruwa a gaban dodon kunne. Ranar da kunnen ya kumbura ya fara ruwa, kuɗin mota kaɗai zuwa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ya ninka abin da kake tattali sau ba adadi, ba a zo kan kati da magani ba. Na faɗa maka da harshen riba da faɗuwa ne don shi ka fi ganewa.

Ba na son tone-tone, amma liman ya yi cigiyarka a sahun asuba. Soso bai san bambancin kiran sallah da tallan maganin basir ba, duk ɗaya yake yi musu. Mai gidan da kake haya ya yi ta rafka sallama a ƙofarka har ya juya da fushi, yana cewa dama an gaya masa halin Kanawa. Mai koko ta kawo ta koma da abinta. In aka yi ihun ɓarawo ko gobara, Allah ya kiyaye, kai ne na ƙarshen sani. Kai da ka yi Islamiyya ai ka san labarin Ɗufailu ɗan Amru, mawaƙi, shugaban ƙabilar Dausu, wanda ya shiga Makka Ƙuraishawa suka tsorata shi, ya cusa auduga a kunne don kada ya ji abin da Manzon Allah (SAW) ke karantawa. Shi da ya nutsu ya ga ai yana da hankalin rarrabe kyakkyawar magana da mummuna, sai ya saurara, ya musulunta. Ban ce hayaniyar Agoro wa'azi ba ce. Na dai ce ba kai ne baƙon farko da ya shigo gari da toshasshen kunne ba, kuma wancan ya fi ka saurin farga. In dole sai ka toshe, saita wayarka ta yi girgiza ka tura ta ƙarƙashin matashi, ko liman ya huta da tambaya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kunnen da ya fi buƙata ba shi aka toshe ba. Ƙarar da ke damunka barci take hanawa, kuma ban raina wannan ba, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata ɗakin barci ya wuce desibel 30 ba, alhali hirar mutum biyu ma kusan 60 ce. Amma ba ta kai ta kurumtar da kai ba. Je ka tsaya wurin injin markaɗen da ke bakin layinku ka dubi yaron da ke kansa. Daga asuba har la'asar kansa na dab da bakin injin, hannu ɗaya na tura wake da ɗan icce, ɗaya na tsiyaya ruwa, bel na kaɗawa, ƙarfe na cin ƙarfe. Yarinya ta miƙo roba ta ce a yi mata da laushi, ba ji yake ba, bakinta yake kallo. In ya kashe inji ya zo teburin mai shayi, da ƙarfi yake magana, manya na cewa yaron nan ba shi da ladabi. Ka tambaye shi zai ce maka da dare kunnensa na ƙugi, shi a ganinsa gajiya ce.

Ƙa'idar da masana ke bi ita ce desibel 85 na awa 8 a rana, duk ƙarin 3 kuma a raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, in aka kai 100 minti 15 kacal. Ba sai da na'ura ba, in dai sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsawon hannu da kai ya ji ka, to an shiga haɗari. Can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, wajen 15,000 a kowane ɓangare, su ke mayar da girgiza ta zama ji. Wadda ƙara ta kashe ba ta sake tsirowa, kuma ba zafi ba jini, shi ya sa ba a ankara sai abu ya yi nisa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce sama da mutum biliyan 1.5 a duniya jinsu ya ragu, miliyan 430 daga ciki har abin ya kai su ga buƙatar taimako. Yaron markaɗe, mai walda da ke yankan ƙarfe, mai injin tsaga katako, makaniken janareto, har ɗan di-jen da kake tsine wa, su ne ke kan wannan hanya. Wanda ya yi dabara a cikinsu auduga yake cusawa, ita kuwa abin da take tarewa bai taka kara ya karya ba.

Tunda shari'a ka zo karantawa, akwai ƙa'idojin taƙaita ƙara na ƙasa tun 2009, waɗanda aka ɗora wa hukumar NESREA kula da su. In ka isa lauya, ɗauki kwafi ka je gidan biki ƙarfe 11 na dare ka karanta wa ƙawayen amarya sashe-sashe. Zan tsaya daga nesa in riƙe maka hula. A Amurka dai shari'ar kunne ba wasa ba ce: a 2023 kamfanin 3M ya amince zai biya dala biliyan 6 ga sojojin da suka ce abin toshe kunnen da ya yi musu, wani iri ne dabam ba soso ba, bai kare su ba, ko da yake kamfanin bai amsa laifi ba. Na san a duk takardar nan wannan layin kaɗai za ka karanta sau biyu.

An ce ma har ka fara tambayar nawa ake sayar da katan. To na yarda, kawo, amma da sharaɗi. In watan cika-ciki ya kama, kada ka zo ƙofar gidana da 'yar tsintsiyarka neman kuɗin shara yadda ka saba, na bana na riga na yi musu hanya. Da su zan sayi kashin farko a hannunka, a farashin sari, ba wanda kake ninka wa Zage-zagi ba. Mu kai wa yaron markaɗe da mai walda, ka zauna ka koya musu murzawa da jan kunne, bayan kai ka koya. Ragowar ka raba wa mutanen gidan da kake haya, kowa biyu, har da tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe. Su suka roƙe ni in yi maka wannan takarda. Sun ce janareto sun saba da shi, di-je ma ƙarfe ɗaya yake naɗe wayoyinsa, amma tun da ka fara toshe kunne kana samun barci mai nauyi, munsharinka ba ya tsayawa sai hantsi.