Yadda Ake Hawan Motar Lantarki a Hanyar Jibiya Ba Tare da An Ji Kunya Ba

Alhaji, tunda ka rantse sai ka sayi motar da ba ta shan mai, ba ni zan hana ka ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare ta taɓa 1,000, babu mai motar da bai yi wannan mafarki ba. To amma kai ɗan Jibiya ne. Hanyarka Katsina, Magama, Ɗan Isa, Maraɗi. Gyara zama mu yi lissafi kafin ka kira dillali.

Da farko kada ka bari 'yan majalisar bakin tasha su ce maka motar tatsuniya ce. A 2021 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, lokacin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, na shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa. A shekarar ce kuma aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Batirin motar na ɗaukar yunit 64 na wuta, irin yunit ɗin da mitar gidanka ke lashewa, kuma masu ita sun ce cika ɗaya na kai ta kilomita kusan 480. Katsina zuwa Jibiya bai wuce kilomita 45 ba, daga nan zuwa Maraɗi wajen 50. A kan takarda ke nan, za ka je Maraɗi daga Katsina ka dawo har sau biyu ba ka nemi soket ba.

A kan takarda na ce. Wanda ya yi wannan awo bai ɗauko uwargida da ƙannenta uku da kwanukan biki ba, bai kunna sanyi a ranar Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ba, bai kuma sha gaban tirela da gudu ba. Duk lambar da allon motar ya nuna maka, zabge kashi ɗaya cikin uku ka ajiye wa mutuncinka. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Sai maganar caji, wadda ita ce maganar gaba ɗaya. Soket ɗin bango na ba mota yunit biyu da ɗan ɗoriya a awa. Raba 64 da wannan, ka samu awa talatin ba kaɗan. In unguwarku na ganin wuta awa huɗu a rana, ka jona ta bayan sallar Juma'a, ka cire ranar wata Juma'ar. Za a ce maka ai akwai araha, kuma gaskiya ne: a farashin naira 225 da aka yanka wa 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, cika batirin fal bai wuce naira 14,400 ba, alhali man da zai kai tsohuwar Golf wannan nisa ya haura lita 40. Sai dai 'yan Band A su ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. Leƙa waje ka dubi taransifomar layinku, ka tambayi kanka tsakani da Allah ko ta taɓa jin labarin wannan alkawari. Ka tuna kuma da Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, aka kwashe kwanaki har masu Band A na shan iska a ƙofar gida da mafici.

Wani zai ba ka shawarar janareta. Ɗan ƙaramin nan da ake kallon ƙwallo da shi ba zai ko gaisa da motar ba. Babban zai iya, amma ka shirya amsar da za ka ba maƙwabta idan suka gan ka kana sayen kwalaben mai wajen 'yan bumburutu don ka ciyar da injin da zai ciyar da motar da ka ce ba ta shan mai.

Don haka ga shawarar da ta fi kowace tsada: sayi sola kafin ka sayi mota. Rana dai ba a ɗauke ta a Jibiya. Faranti ɗaya mai wat 500 na tara yunit biyu da rabi zuwa uku a wuni. Motar na cin kamar yunit 15 a kilomita 100, wato zuwa Katsina da dawowa zai ci 14. Faranti shida sun biya wannan tafiya kullum, in dai an sa yaro ya riƙa share musu ƙurar hunturu. Inda gizo ke saƙar shi ne, lokacin da rana ke dukan rufin gidanka, kai da motar kuna Katsina. Dole ke nan ka sayi babban batirin gida da zai tara wutar da rana ya juye wa motar da dare, ka haɗa da inbata mai ƙarfi. In ka gama biya, tambayi aljihunka ko da sauran kuɗin motar. Kada ka ce za ka jira injinan iska na Lambar Rimi, masu megawat 10, da aka ƙudurta tun Umaru Musa 'Yar'aduwa na gwamna. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk daren da ka manta ba ka jona ba, gobe kai da kabu-kabu ne.

Yanzu ga inda motar za ta fitar da kai kunya. Kowa ya san hanyar Katsina zuwa Magama ba tsawo gare ta ba, tsayawa gare ta. Ka tsaya, ka gaisa, ka matsa, ka sake tsayawa. Mai Golf da mai J5 injinsu na kurɓar mai ko suna tsaye a layi. Taka kuwa in ta tsaya ta yi tsit, ba ta cin komai sai abin da sanyi ya ja. Bayan haka duk sanda ka taka birki, injin na mayar da ɗan ƙarfin gudun cikin batir. A duk faɗin wannan hanya, ita kaɗai ce halittar da tsayawa a shinge ke ƙara wa wani abu.

Amma ka kiyaye da shirunta. Akuyoyin kasuwar Lahadi da kunne suke ba mota hanya, haka ma mai amalanke. Matsa oda ba girman kai ba ne. Da dare kuma kada ka silalo wa shingen jami'an tsaro ba ƙara ba motsi, a yankin da kowa ke kwana da ido ɗaya. Rage gudu tun daga nesa, kunna fitilar ciki, ka yi sallama da ƙarfi.

In aka ce buɗe tanki, kada ka yi dariya. Tun Nuwamban 2019 da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, tankin mota ya zama abin zargi a nan. Fito a hankali ka ce, "Ranka ya daɗe, ba ta da shi." Jami'in zai zagaya, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya kira abokin aikinsa. Zai lura ta fi girmanta nauyi. Yi masa bayani cewa batirin da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta ya haura kilo 400, nauyin buhun shinkafa takwas zuwa tara, amma ka yi ƙoƙari kada kalmar shinkafa ta fito daga bakinka.

In ka tsallaka Ɗan Isa, kada ka dogara da soket ɗin mai masaukinka. Wutar Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa take bi, uwarku ɗaya da su. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta aka rufe iyaka, sai Maris na 2024 aka ba da umarnin buɗewa. Kafin nan, rufewar Agustan 2019 ba ta saki Jibiya ba sai Afrilun 2022. In iyaka ta rufe motarka na can kai kana nan, ka roƙi a bar batirin a rabi, a inuwa. Ba ya son zama fanko, ba ya son zama cike, ba ya son rana.

Bakanikenka zai yi fushi da kai, ka ba shi haƙuri. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba kafireto, ba salansa. Abin da ya rage masa birki da ƙafafu, sai mai faci, wanda kasuwarsa za ta buɗe don nauyin motar na cin taya. Ka ja wa yaran gareji kunne a kan wayoyin nan masu launin ruwan lemo: wutar cikinsu ta haura bolt 300, ba a gwada ta da sukudireba. Hanyoyin daji kuwa ka bar wa masu su, dutse ɗaya ya daki cikinta ka sayar da gona.

In lissafin nan ya sa maka zazzaɓi, fara da babur ko keke mai ƙafa uku na lantarki. Batirinsu ƙarami ne, 'yan farantai kaɗan sun ishe shi, kuma Mustapha Gajibo, mai haɗa motocin lantarki, ya nuna a Maiduguri cewa ƙananan motocin haya na cikin gari su ne suka fi saurin karɓar wannan sauyi. In kuwa sai babbar, to kada ka sayar da Golf ɗinka. Ranar da batir ya mutu a tsakanin Magama da gida, ko matasan gari goma sun taru da "Alhaji, a tura?" ba ta tashi da turi, kuma jan ta da igiya na iya lalata injin. Mota mai shimfiɗa ake kira ta goye ta. Da Golf ɗin za ka bi su a baya.