Ranar Da Aka Kai Motar Baffa Awo

Baffana, ƙanen mahaifinmu, yana noma a Rijiyar Zaki tun zamanin da in ka bar Kabuga ka miƙi titin Gwarzo ba abin da kake gani sai gero da dawa. Da gari ya taso ya fara cin gonaki, masu neman fuloti suka hana shi sakat, sai ya yanki gefen gonarsa ya sayar, ya ce shi ma kafin ya koma ga Allah sai ya ɗana mota.

Dillali ya kawo masa wata jar Golf ba lamba, ya rantse 'yar Kwatano ce, wai wata tsohuwar Baturiya ce take zuwa cefane da ita a Jamus. Aka yi ciniki, aka biya la'ada, unguwa ta yi ta zuwa barka da arziki, kowa na cewa Allah ya sa a kashe lafiya. Ni aka ɗora wa tuƙi da zirga-zirgar takardu, tunda ni na yi boko.

Nan aka fara. Tun farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, don haka duk wanda ya ce maka motarsa daga Kwatano take, abin da za ka fara nema shi ne takardar kwastan. Da muka matsa wa dillali, sai ya zo da wata takarda da ta sha ninki, wadda ta nuna motar ta daɗe da shigowa ta tashar jirgin ruwa a Legas. Ashe lambarta ya kwance don ta yi kama da baƙuwa. Baturiyar nan dai ba mu sake jin labarinta ba, amma a ƙarƙashin fentin ƙofa mun ga ragowar launin tasi.

Baffa ya yi salati, ya ce ai ko yaya ne tana tafiya. Sai na fara lissafa masa sauran: canjin mallaka, lasisin mota, inshora, da shaidar lafiyar mota da 'yan VIO ke bayarwa bayan sun duba ta. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, naira 5,000 ce a da, ta koma 15,000 a Janairun 2023, kuma tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka ce za su riƙa tambayarta a hanya. Ga 'yan Road Safety, hukumar da aka kafa a 1988 zamanin Babangida, ga kuma KAROTA tamu ta Kano da ta zo a 2012.

"Ɗan nan," in ji Baffa, "mota na saya ko mata na ƙara?"

Daren da za a kai ta dubawa muka buɗe but, muka tarar babu taya sifiya, babu jak, babu tukunyar kashe gobara, babu alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi in mota ta mace. Baffa ya ce ba zai ƙara kashe ko sisi ba alhali yana da maƙwabta. Kafin isha'i an haɗa masa komai: taya daga gidan wani mai Sienna, tukunyar gobara daga mai injin niƙa, jak daga mai faci, wanda ya ce lallai a dawo masa da shi kafin azahar.

Jami'in da ya duba ta mutum ne mai haƙuri. Ya ce a taka birki, fitila ɗaya ta kama. Ya ce a ba da hannu dama, hagu ta yi ƙyaftawa. Ya ce a danna oda, shiru, sai da na murɗa sitiyari ta saki ƙara har wani mai rake ya zabura. Da aka zo kan abin goge gilashi, Baffa ya matso.

"Yallaɓai, ai damina ta wuce."

"Baba, za ta dawo," in ji shi.

Daga nan ya tsuguna gaban taya ya nuna mana wasu lambobi huɗu a jikinta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Road Safety na cewa taya ta tashi aiki bayan shekara huɗu, ko da zanenta bai suɗe ba. Ta Baffa ta girmi jikansa da ke aji shida. Ya ɗaga tukunyar gobara ya girgiza, ba komai a ciki. Sannan ya ciro sifiyar ya ƙirga ramukanta: biyar, ƙafar wannan Golf kuwa ƙusa huɗu gare ta. Bai ce uffan ba, ya dubi Baffa kawai, Baffa ya dubi sama.

A gani na jami'in nan bai zalunci kowa ba. Motar da Baffa ke shirin ɗura wa iyali da buhunan taki ya hau titin Gwarzo da ita, gara a gano ciwonta tana tsaye. Baffa ya so ya kawo zancen hukuncin da ya ji a rediyo, wanda wata babbar kotun tarayya ta yanke a 2024 na hana 'yan VIO kama motoci, na raɗa masa cewa shari'ar Abuja ce, kuma mu ba kama mu aka yi ba, da ƙafarmu muka zo.

Sai da aka sayar da tunkiya biyu kafin bakanike da mai wayarin su sallame mu, aka sayi tayoyi, aka koma aka samu shaidar. Ta shekara ɗaya ce, baɗi ma sai an sake kai ta. Shi kuwa Baffa har yau bai da lasisin tuƙi, ya ce makarantar koyon mota ta yara ce, don haka a kujerar baya yake zama.