Yadda Za Ka Dasa Wilo Ka Koma Kwana da Ido Ɗaya

Akwai wata bishiya da Turawa ke ji da ita, ana ce mata wilo. Danginta suna da yawa, amma wadda muke magana a kai ita ce mai siraran rassa masu tsawo da ke zubowa har ƙasa. In ka gan ta a bakin tafki sai ka ce amarya ce daren kai ta ɗakin miji: kai a sunkuye, lulluɓi har idon sawu, ko ido ba ta ɗagawa. To, kada kunyar nan ta ruɗe ka. Lumbu-lumbu ce, wutar ƙaiƙayi. Shawarwarin nan na wanda Allah ya kai ƙasar sanyi ne, ya samu gida da ɗan fili a baya, zaman lafiya kuma ya ishe shi. Kai da ke Kano ko Damagaram, inda ake shafe fiye da rabin shekara ba ɗigon ruwan sama, riƙe dogonyaronka ka gode wa Allah. Karanta dai don ka san abin da ka tsallake.

Na ɗaya: san wadda ka ɗauko

Tun daga takardar haihuwarta aka fara rikici. A 1753 masanin tsirran nan na Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa mata Salix babylonica, a zatonsa ita ce bishiyar bakin kogunan Babila da aka ambata a Zabura. Ashe ’yar arewacin Sin ce, fatake ne suka yi ta yawo da ita har ta kai Gabas ta Tsakiya, daga Halab ta Siriya kuma ta shiga Ingila wajajen 1730. A can gida, Sinawan da can sukan karyo reshenta su miƙa wa matafiyi lokacin sallama. Ka lura da kyau: mutanen da suka fi kowa saninta, mai barin gari suke ba wa.

Na biyu: auna filinka, sannan ka yi wa kanka ƙarya

Masana sun ce a nisanta ta da gini, da bututun ruwa, da ramin masai, da aƙalla mita 15. Filin bayan gidanka bai kai haka ba. Ba komai. Ka dubi ɗan dashen da bai wuce ƙugunka ba ka ce, “Wannan ɗin me zai yi?” Duk wanda ya taɓa dasa ta haka ya faɗa.

Ga abin da zai yi. Yakan ƙara mita ɗaya ko fiye a kowace shekara, har ya kai mita 12 zuwa 15 a tsaye, faɗinsa ma kusan haka. Saiwoyinsa ba sa nitsewa can ƙasa sosai. Shimfiɗa suke yi, su zarce inuwar bishiyar, suna bin danshi duk inda yake. A yi mata adalci, ba ta fasa lafiyayyen bututu. Sai dai in akwai ’yar tsaga ko mahaɗar da ta saki, siririyar saiwa za ta leƙa, ta tarar da ruwa da taki kyauta, ta kira ’yan uwanta. Ranar da ka ja ruwan bayan gida ya dawo yana gaishe ka, ka san baƙi sun tare.

In kuma gidanka a kan laka yake, irin ta yawancin Landan, ka samu garaɓasa. Laka tana tsukewa in ta bushe, wilo kuwa ba abin da ta iya kamar tsotse ƙasa. Bazara ɗaya mai zafi ta isa harsashin gini ya ɗan zauna, bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Daga nan kai da kamfanin inshora za ku san juna sosai.

Na uku: dasawa, aikin da ba ya son ilimi

Kada ka ɓata kuɗinka wajen masu sayar da dashe. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da ganye ya zube, ka yanko reshe mai kaurin fensir, tsawon kamar santimita 30. Ka soka kashi biyu cikin uku a ƙasa mai danshi inda rana ke bugawa sosai. Shi ke nan. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka soka shi kai a ƙasa. Jikin wilo yana ɗauke da sinadaran da ke sa saiwa fita, har masu lambu kan jiƙa tsinkayenta a ruwa su shayar da wasu tsirran masu taurin kai. Manoma da yawa sun kafa shinge da ɗanyen itacenta, suka wayi gari shingen ya yi ganye.

Wannan sauƙin kamu shi ya yaɗa ta duniya. Da tsohon sarkin Faransa, Napoleon, ya rasu a tsibirin Saint Helena a 1821, a ƙarƙashin itatuwan wilo aka binne shi. Matafiya suka riƙa tsayawa suna yankar rassa don tsaraba, har aka kwashe gawarsa zuwa Faris a 1840. Shi dai yaƙinsa ya ƙare a Waterloo. Bishiyar ce ta ci gaba da cin ƙasashe: a Afirka ta Kudu ta bi gaɓar koguna ta baje, har aka lissafa ta cikin baƙin itatuwa masu mamaya.

Na huɗu: shayarwa

A shekarar farko ka shayar da ita sosai duk mako in ba a yi ruwa ba. Ka zuba ɓawon itace ko ruɓaɓɓen ganye kewaye da gindinta don riƙe danshi, amma kada ya taɓa jikinta. Ka kafa mata turke saboda iska, ka kewaye ta da raga saboda zomo da barewa masu son ɓawonta. Bayan shekara biyu ka huta. Ba wai ta daina sha ba ne. Ta dai gano inda kake ajiye naka.

Na biyar: aski

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun tana ƙarama ka zaɓi reshe ɗaya miƙaƙƙe ya zama uwar jiki, ka datse masu gasa da shi, ka riƙa cire na ƙasa har ya zama mutum zai wuce ba tare da ya rusuna ba. Lokacin sanyi ake wannan aiki. In ka yi kasala, za ta yi rassa masu nauyi a kan mahaɗa mara ƙwari, itacenta kuma gautsi ne da shi. Iska mai ƙarfi ta farko za ta yi maka askin da kanta, kuma ba ta tambayar inda ka ajiye mota.

Na shida: shara da jinya

Sayi tsintsiya mai kyau, don kun ƙulla zumunci. Da bazara furanninta za su zubo. Da kaka ganye zai cika magudanar rufi. Sauran watannin kuma tsinkaye ne, kullum, ba hutun Lahadi. Ciyawar da ke ƙarƙashinta za ta yi sallama saboda inuwa da ƙishi. Ƙananan ƙwari masu tsotson ganye za su sauka, su riƙa ɗigo da wani ruwa mai danƙo a kan kujerar shan iskarka. Ga tsatsar ganye, ga gyambon ɓawo. Asalin ta Sin ɗin ma ba ta cika jure damshin Ingila ba, shi ya sa yawancin waɗanda ake gani a can gauraye ne, masu rassa ruwan ɗorawa.

In kanka ya fara sarawa, ka yi murna, maganin ma a gidan yake. Daga ɓawon wilo Johann Buchner ya tace sinadarin salisin a 1828, a kan wannan turba kuma Felix Hoffmann na kamfanin Bayer ya haɗa asfirin a 1897. Amma ka je kantin magani, kada ka tsaya gaigayar bishiya maƙwabta na kallo.

Na bakwai: maƙwabta

Wilo ba ta san katanga ba. A dokar Ingila maƙwabci yana da ikon datse duk reshen da ya ƙetaro masa, daidai kan iyaka, sannan ya yi maka tayin abinka. Saboda haka in ka ga Bature a ƙofarka rungume da rassa, fuska ba walwala, ba gudummawar itacen girki ya kawo ba. Ka yi masa sannu da aiki, ka karɓa, kada ka tambayi lafiyar bututunsa.

Na takwas: ranar da ka gaji

Za ka ce a sare ta. Tsugune ba ta ƙare ba. In unguwarku tana cikin wuraren da hukuma ke kare kamanninsu, sai ka ba ƙaramar hukuma sanarwar mako shida kafin ka ɗora mata zarto. Masu saran kuma ba da godiya ake sallamarsu ba. Bayan an sare, kututturen zai tofo da sababbin rassa fiye da na da, guntayen da suka faɗi a danshi su ma su kama. In ka zaɓi haƙuri, ba ta cika wuce shekara 40 zuwa 75 ba, kuma tsufanta da ruɓewar ciki yake zuwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Shawarar da ba za ka bi ba

Mai zanen nan na Faransa, Claude Monet, wanda ya yi ta zana wilo a ƙarshen rayuwarsa, bai cusa ta a bayan kicin ba. A 1893 ya sayi wani fili a Giverny, ya karkato da rafi, ya haƙa tafki. In kana da irin wannan hali, bismilla: ba bishiyar da ta fi ta kyau a bakin ruwa, kuma saiwoyinta na riƙe gaɓa kada ta zaizaye. In ba ka da shi, akwai ’yar ƙanwarta da ake kira Kilmarnock, wadda ba ta cika wuce mita 2 ba, tana zama ko a babbar tukunya, ta sunkuya maka iya son ranka.

In kuwa babbar kake so ko ta halin ƙaƙa, ka sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa Cambridge, ka zauna a bakin kogin Cam, ka ɗauki hoto ka tura wa ’yan gida. Wilo mafi albarka ita ce wadda wani ke sharewa.