Ardon Tarauni da albasar Holan

Ardo, bawana! Labari ya iso mu Gyadi-Gyadi tun kafin ka gama kwance kwalin. Wai ka yi odar albasar fure daga Holan, wadda suke kira tulif, ka ba da kuɗin ɗan maraƙi sukutum, ka binne ta a tsakar gidanka na Tarauni. Yaran unguwa sun ce kullum bayan asuba kana tsugune a kanta da buta, kana leƙen ƙasa.

Da ka tambayi ubangidanka Babarbare, da ka ji a kyauta. Tulif 'yar duwatsun tsakiyar Asiya ce, Turkawa suka raine ta kafin Turawa su ɗauko. Ba ta yin fure sai ta kwana mako 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai haura digiri 9 ba. Shi ya sa can suke binne ta a Oktoba ko Nuwamba, hunturu ya bi ta kanta, ta fito a Afrilu. To kai wane Afrilun kake jira? Namu mai digiri 40, da mai keke Napep ke neman inuwa a Kotu Rod? Hunturun nan namu da kake yi wa rawani biyu da bargo, a wurin tulif shan iska ne.

Na ji wani ya ba ka shawara ka sa ragowar a firji, ka ajiye ta gefen kindirmo. Masu wuta suka ɗauke abarsu. Uwargida kuma ta ga albasa ba mai ita, ta ɗauko wuƙa za ta yanka a miyar kuka, Allah ya kawo ka da gudu ba hula. Mutanen Holan sun taɓa cin ta, a yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, amma su yaƙi ne ya matsa musu.

Kada ka damu, ba kai ne farau ba. An dasa ta a lambun jami'ar Leiden a 1593, kafin Fabrairun 1637 har ana yi wa ƙwaya ɗaya farashin gida a Amsterdam, sai kasuwar ta rushe rana tsaka. Su dai aƙalla sun ga furen.

Abin da ya fi ba ni dariya, kai fa jikan masu gadali ne. Wace ruga ce ba ta da shi a fasasshiyar tukunya bayan bukka? Na shanu daban, na farin jini daban, na kasuwa daban, kowanne da sirrin da kuke ɓoye mana. Ka bar batun asiri, ka dubi tsiron kawai. Rani ya ƙone ganyen ƙurmus, albasar na kwance a ƙasa ba ruwanta. Ruwan farko na sauka sai ta turo kara mai kauri, furanni farare masu ratsin ja su buɗe a kansa, da yamma ƙamshi ya cika tsakar gida. Ba firji, ba oda, ba dala. Ta yi 'ya'ya a gindi, a raba wa maƙwabta, uwa ta bar wa 'ya. Mu albasar kwaɗi muka san irinta a fadama, ku kuka ɗaga darajarta har kuna shayar da ita nono, yau kuma ka sa tabarau ka ce ba ka san ta ba.

Akwai tukunya guda a gidana. Kakata ce ta karɓo irin a hannun kakarka, musayar ƙullin kanwa, kuma har ta rasu tana cewa an cuce ta a cinikin. Zan cire maka ƙwaya biyu kafin damina. Ka zo da ƙwaryar kindirmo wadda ba a tsarga wa ruwa ba, ka haɗo da kuɗin sharar bara da ka gudu da su ranar cika-ciki. In ka turo yaro, ba zan bayar ba.