Injiniyan Dole a Kantin Kwari

Duk gidan da ya tura yaro jami'a ya yi injiniya, ko da labarin ƙasa yaron ya karanto kamar ni. Babu mai duba abin da aka rubuta a takardar shaidarka. Muddin an taɓa ganin ka dawo wa wani da WhatsApp ɗinsa da ya ɓace, to daga ranar duk wani abu mai 'yar fitila da ke ƙiftawa ya shiga huruminka. Da wannan hujjar Kawuna, mai sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari, ya aiko a kira ni.

Kamfanin intanet ya kafa masa rauta a ofis, a saman bene, alhali a ƙasa ake ciniki. A nan yaran shago ke ɗaukar hoton sababbin kaya suna tura wa 'yan sari na Maraɗi da Damagaram da Njamena, sabis kuwa ya ƙi saukowa. Sai ka ga yaro ya hau rabin matakala ya ɗaga waya sama yana jiran hoto ya tafi, mai saye yana ƙasa yana latsa kaya babu mai kula shi. An kira ƙwararre, ya ce a kafa na'urar rarraba waifai a silin ɗin shago, a haɗa ta da rautar da kebul. Da ya faɗi kuɗin aikinsa, sai Kawu ya tuna yana da ɗa.

"Kawu, ni fa labarin ƙasa na karanta."

"To ai a ƙasan muke son sabis ɗin," in ji shi. Magana ta ƙare.

Na hau ofis neman rauta, na tarar da ita cikin kabad ɗin ƙarfe an garƙame da kwaɗo. Na yi wa Kawu bayani cewa waifai igiyar rediyo ce, ƙarfe yana tare ta, ga kuma kankaren bene mai rodi, ga dilolin atamfa jibge har silin. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce gara sabis ya ɓace da rauta ta ɓace. Da ƙyar ya amince a huda ƙofar da kebul zai fita.

Na'urar da na sayo fara ce, zagayayya, ba ta da filogi. Kawu ya jujjuya ta ya ce an cuce ni, sun manta da cajarta. Na nuna masa ɗan baƙin akwatin da aka haɗo da ita mai baki biyu: ɗaya na zuwa rauta, ɗaya na zuwa silin. Kebul ɗaya ne ke ɗaukar wuta da intanet a tare, kuma tun 2003 aka tsayar da ƙa'idar yin hakan. Ya ce shi tun kafin 2003 yake kasuwa, bai taɓa ganin kaya biyu a kuɗin ɗaya ba sai akwai lauje cikin naɗi.

Rigimar farko a kan almakashi aka yi ta. Kebul ɗin intanet a kwali yake zuwa, mita 305 cif. Abin da muke buƙata bai kai mita talatin ba. Na ɗauko almakashi, Kawu ya riƙe mini hannu.

"Ɗana, cikakken turmi da yankakke ba kuɗinsu ɗaya ba. Ka sa kai a wannan bakin, ka sa a wancan, sauran ya zauna a kwalinsa ƙarƙashin matakala."

Ba a musu da kawu a gaban yaransa. Na sa kawunan, na jona, na hau tsani na zuba wa na'ura ido. Ko kallona ba ta yi ba. Irin wannan kebul iyakarsa mita 100. In ya zarce haka saƙo yana galabaita kafin ya isa, wutar ma tana raguwa a hanya. Mu kuwa mun tilasta wa saƙon zagaye cikin kwali har ninki uku na iyakarsa. Sai da na rantse cewa ragowar ba za ta lalace ba, sannan Kawu ya ɗauko tef ya auna da kansa, ya yanka, har ya yi mini gyara da kamu ɗaya.

A cikin kebul akwai siraran wayoyi takwas, kowace da launinta, kuma jera su ake yi bisa tsari kafin a matse kan da filaya: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Na yi bakin sama, na bar wa babban yaron shago bakin ƙasa tare da takardar da na rubuta jerin. Abin da ban sani ba shi ne, mutumin da ya tashi cikin haɗa zane da ɗankwali ba zai iya ganin an raba kore da ɗan'uwansa an cusa shuɗi a tsakani ya yi shiru ba. Ya gyara mini. Kowane launi ya zauna kusa da abokinsa, gwanin sha'awa. Na'ura ta kawo wuta, amma tsakaninta da rauta ko gaisuwa babu.

"Yaya, ai yadda ka rubuta ɗin nan ko a kyauta babu matar da za ta karɓa," in ji shi.

Bayan an yanke kan an sake, sai ga sunan waifai ya bayyana a wayoyi. Aka yi shewa. Kawu ya aika a sayo fura. Kafin furar ta iso, shago ya rabu gida biyu: wasu wayoyin suna gudu, wasu sun haɗu amma ko gaisuwa ba ta fita. Wayar Kawu tana cikin kashi na biyu. Mai gadi ya ba da shawarar a yi hayaƙi, don a cewarsa abin da ke zaɓen mutane ba na Allah da Annabi ba ne.

Na tara wayoyin a kan kanta ina dubawa. Duk wadda ta shiga waifai, sai an ba ta lamba, wato adireshinta, kuma rauta ce ke rabawa. Masu aiki lambarsu ta fara da 192.168.1, marasa aiki kuwa da 192.168.0. Ke nan masu rabo biyu ne a gidan. Ka ɗauka layin mai ne a lokacin wahala, mutum biyu suna raba lamba, ɗaya na gidan man ne, ɗayan kuma yana tura mutane famfon da ba shi da ko ɗigo. Wanda ya riga miƙo maka takarda, tasa za ka karɓa. Na bi kebul ɗaya bayan ɗaya da rarrafe har ƙarƙashin teburin akawu, inda na yi kiciɓis da wata tsohuwar rauta tana ƙiftawa cikin ƙura.

"Malam, wannan fa?"

"Daga gida na kawo ta, firinta kawai na jona. Ba ta taɓa kowa."

Na shiga cikinta na kashe mata rabon lamba, ta koma aikin miƙa saƙo kawai. Nan take wayar Kawu ta fara zubo saƙonnin da suka maƙale, cikinsu har da na wani mai binsa bashi. Ya dube ni kamar ni na rubuto.

Daga nan ya ga na'urar tana watsawa a zango biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5, ya ce a kashe ƙaramin, shi ba ya harkar ƙananan kaya. Gaskiya ne 5 ya fi sauri, amma bai iya ratsa bango kamar 2.4 ba, kuma tsofaffin wayoyi da yawa ba sa ma ganinsa. Shi kuma 2.4 cunkoso gare shi: tashoshi uku ne kacal ba sa taka ƙafar juna, 1 da 6 da 11, ga shi kusan kowane shago a filazar da nasa waifai. Na kashe kamar yadda ya umarta. Wayarsa, wadda ya ƙi canzawa tun aurar da babbar 'yarsa, ta ce ba ta ga komai ba. Ya ce a dawo da ƙaramin, ai shi ma Allah ne ya yi shi.

A cikin wannan hidima takardar da na rubuta kalmar shiga saitin na'urar ta yi ɓatan dabo. Akawu na cewa da idonsa ya ga na goge hannu da ita bayan mun ci tsire, amma mutumin da ya ɓoye rauta a ƙarƙashin tebur ba a karɓar shaidarsa. Dole na hau tsani da allura, na danna ɗan maɓallin da ke cikin rami na kimanin daƙiƙa goma, na'ura ta manta komai, na sake saiti daga farko. Mai gadi ne ya riƙe mini tsanin, kuma ashe karatu yake ɗauka.

Tun daga nan, kullum da safe sai a kira ni: waifai ya ɓace, suna da lambar sirri duk sun goge. Na zargi ɗauke wuta, na zargi janareta, har na sa Kawu ya sayi ɗan batirin da ke riƙe wuta kafin a tayar da inji. Ranar da na yi sammako, sai na tarar da mai gadi a saman tsani da tsinken sakace.

"Baba, me ake yi?"

"Allurar safe nake yi mata, Injiniya. Na ga ranar da ka yi mata ta wartsake."

Saura lambar sirri. Tsarin tsaro na WPA2 ba ya karɓar ƙasa da harafi takwas, kuma na so a haɗa haruffa da lambobi. Kawu ya ce abin da ba zai manta ba yake so: lambar wayarsa. Wannan lambar tana jikin allon shago da manyan baƙaƙe, tana jikin kowace leda, tana kan kowane rasit. Mai shayi ne ya fara gwadawa, ya kuma kasance mutum ne mai son jama'a. Ba a jima ba 'yan dako da teloli da masu jiran mota suka mayar da barandarmu majalisa. Tsarin lambobin da muke kai ba ya wuce 254, rautar ma wani yanki kawai take rabawa daga ciki. Ranar da suka ƙare, wata Hajiya ta zaɓi kaya masu tsada ta miƙo kati, na'urar POS ta nemi lamba ta rasa, domin wani almajirin tela yana kallon fim ɗin Indiya da ita.

Na ce a canza lambar sirri. Kawu ya ce maƙwabci yana da hakki, ba za a ce shi ne ya hana mutane iska ba. Aka yi sulhu: na buɗe layi biyu, ɗaya na shago da kalmar da ni da akawu kaɗai muka sani, ɗaya na baƙi da aka taƙaita masa sauri, aka kuma katange shi daga kwamfutar lissafi. Na baƙin, Kawu ya ce sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin mahaifinsa. Ya sa mai fenti ya rubuta sanarwa a bango, a ƙasanta kuma aka ƙara layi guda ba da sanina ba: mai ƙorafi ya kira Injiniya. Da lambata.

Ladan aikina yadi biyar ne na shadda, daga ƙarshen bandir. Shekaranjiya da dare mai shayi ya kira ni rai a ɓace, wai ana shirin buga fenariti hoto ya tsaya, yana so ya san wa zai biya shi wannan asara. Ina ajiye wayar Kawu ya kira. Mai filazar da ke kallon tasu ya ga aikin ya yaba, yana son irinsa a benensa mai hawa uku.

"Na riga na karɓa maka," in ji Kawu. "Na ma yi masa ragi, tunda akwai sauran kebul."