Ƙafata da Takalmin But

Ƙafata faffaɗa ce. A silifas ta tashi, ta baje son ranta, kowane yatsa da unguwarsa. Muna zaman lafiya da ita har shekarar da na karɓi gonar gado a wajen Kura, maƙwabcina ya ɗago mini kububuwar da ya kashe a kan kunya. Ya dubi macijin, ya dubi ƙafata, ya ce, "Malam, da wannan silifas ɗin za ka riƙa shigowa? To ka tanadi kuɗin motar Kaltungo." Can ne, a jihar Gombe, asibitin masu saran maciji yake. Washegari da sassafe na shiga neman but na fata mai rufe idon sawu.

Wajen 'yan gwanjo na fara. Na ce lamba 43 nake sawa. Mai kaya ya jawo wani, a harshensa an rubuta 43, ga 9, ga kuma 10. Ya ce duk ɗaya ne: lissafin Turai, na Ingila da na Amurka. Ƙasashe sun taru sun yi lissafi kala uku, amma duk tsawo suka auna, babu wanda ya tuna da mai faɗi. Ƙafa ta shiga rabi ta tsaya cak. Mai kaya ya sa mini baƙar leda a kan safa don santsi, yaronsa ya cusa cokali ta dunduniya, ni kuma na dafa kafaɗar wani mai tallar goro da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da aka yi "ya Allahu" sai ga ni a ciki.

"Alhaji, ai don kai aka yi shi."

"Yatsuna fa sun hau kan juna."

"Zai saki. Fata ce."

Abin da bai faɗa mini ba, ƙafa takan ɗan kumbura in yini ya yi nisa. Kafin la'asar takalmin ya zama gidan kaso. A ƙofar masallaci na zauna ina kwance igiya, ina ja, ina nishi. Ƙafar dama ta fito ana raka'a ta biyu, ta hagu sai da liman ya sallame. Masu fitowa suka tarar da ni zaune da bororo biyu a dunduniya, har wani dattijo ya yi mini sannu da jiki.

Shawara kuwa na sha ta. Wani ya ce in jiƙa shi in yini da shi a ƙafa, wani ya ce man kaɗanya, wani ya ce in cusa ɗanyen dankali ya kwana. Ya ɗan saki ta gefe, amma babban yatsana yana nan yana dungurin bango, domin fata ba ta ƙara tsawo ko za a shekara ana lallashinta. Daga ƙarshe na yanke shawarar barinsa a ƙofar masallacin Juma'a, inda aka sha ɗauke mini silifas. Na sulale ba takalmi. Ban kai bakin titi ba wani yaro ya biyo ni a guje: "Baba, Baba, ka manta takalminka!" Har tukuici sai da na ba shi.

Na biyun sabo ne dal, yana ƙyalli, lamba 45 don gudun ta baya. Faɗi ya yi, amma dunduniya tana fita tana komawa, sai da safa biyu, a zafin Afrilu. Ruwan farko da ya taɓa shi, "fata zallar" ta fara saɓulewa, sai ga yadi a ƙarƙashin roba. Gam ya saki, ƙasan ya buɗe baki, hancin ya ɗaga sama kamar kwalekwale. Yaran unguwa suka riƙa tambayata inda na bar filafili.

Wani abokina ne ya kai ni wajen wani tsohon baduku a Ƙofar Wambai. Tun daga nesa warin jima da bagaruwa ke yi wa mutum maraba. Tsohon bai tambayi lamba ba. Ya ce in dawo bayan la'asar da safar da zan riƙa sawa. Da na dawo ya shimfiɗa kwali, ya sa na tsaya tsaye a kai, ya bi gefen kowace ƙafa da biro, ya zagaya zare ta kan tudun ƙafar da ta gindin yatsu. Ya ɗaga kwalin yana kallo.

"Ɗana, ƙafafun nan naka ba uwarsu ɗaya ba. Ta dama ta girmi ta hagu."

Na ce ina son fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can ayarin Sahara ke fitar da ita. Ya ce zai sa mini ita, amma daga ciki, inda laushinta zai yi wa ƙafa daɗi. Jikin but sai kirgi, in ba haka ba wuyansa zai zube kafin kaka. Ya nuna mini taurin da ake sakawa a dunduniya da hanci, ya ce su ne ƙashin takalmi, ƙasan kuma ɗinki zai yi masa, ba gam kaɗai ba.

Ranar da na sa shi har hawaye na ji. Ya kama dunduniya, ya bar yatsu suna motsi. Baba ya kafa mini sharuɗɗa: in ya jiƙe a inuwa zai bushe, ba rana ba wuta, a cusa masa jarida in an cire, a ba shi hutun yini, a shafa masa mai lokacin hunturu. Ko amarya ban yi wa irin wannan hidimar ba, kuma uwargida ta lura.

Na dawo daga tafiya na tarar da jaridun a ƙasa, gurbin takalmi wayam.

"Maman Ummi, ina but ɗina?"

"Ƙanena ya ara, hawan angwancin abokinsa za su. Ai na ga ajiye shi kawai kake yi kana ciyar da shi jarida."

Ƙanen nata 46 yake sawa. Ruwa ya yi musu duka a hanya, shi kuma saboda ladabi ya ƙi dawo mini da jiƙaƙƙen takalmi, ya gasa shi a gefen murhun mai shayi. Na kwasa na kai wa Baba. Ya juya shi, ya shinshina, ya jawo kwalina daga bayan buhu ya gwada.

"Wannan ba ƙafar da na zana ba ce. Ka bar wa mai ita."

Na bar wa ƙanen nata. Da daddare sai ga waya.

"Yaya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Amma in za ka koma wajen Baban nan, ka gaya masa na hagun yana ɗan matsa ni."